Mai gemu da takobi, da ɗan aljanin da ya lafe a kan hularsa

Aminu:
Assalamu alaikum, malamaina da iyayena na wannan zaure. Ina birnin Guangzhou tun farkon watan nan a kan harkar kaya, kuma jiya da yamma wani abokin cinikina Basine ya zaga da ni kasuwar duwatsu da tsofaffin kaya da ke unguwar Liwan. A wani ƙaramin shago na ga wani ɗan sassaƙe wanda har yanzu bai fita daga raina ba. Tsawonsa bai wuce babban yatsana ba, an yi shi da wani katako mai ruwan zuma, siffar wani mutum ce mai cikar gemu da zazzararrun idanu, ya riƙe takobi ya manna shi da cinyarsa, ya sunkuya yana leƙen ƙasa kamar wanda abu ya ɓace masa. A kan faffaɗar hularsa kuwa wata 'yar halitta mai ƙaho biyu ta lafe, ta washe baki. A bayansa akwai huji biyu kusa da juna. Mai shagon ya ce aikin Sinawa ne na zamanin daular Qing, wato daular sarakunan Sin ta ƙarshe, ya kuma yanka kuɗi masu nauyi. Tambayata biyu ce: wane ne wannan mutum, kuma mene ne amfanin hujin nan biyu?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Tun kafin ka kai ga maganar huji na gane mutuminka, domin gemu da takobi da ɗan aljani ba sa haɗuwa a jikin kowa sai Zhong Kui, wanda ake furta sunansa kamar Jong Kwei, mai farautar aljanu a tatsuniyoyin Sinawa. Labarinsa yana rataye da sunan sarki Xuanzong na daular Tang, wanda ya yi mulki daga shekarar 712 zuwa 756. An ce zazzaɓi ya kwantar da sarkin, sai ya yi mafarki wani ƙaramin aljani ya shigo fada ya sace jakar turaren mowarsa Yang Guifei tare da sarewar sarkin, yana ta zagaye fadar da gudu. Can sai ga wani ƙato mai yagaggiyar hula ya cafke aljanin, ya ƙwaƙule masa idanu, ya cinye shi. Da sarki ya tambaye shi ko shi wane ne, sai ya ce shi ɗalibi ne da ya zo jarrabawar shiga aikin sarauta bai dace ba, baƙin ciki ya sa ya buga kansa a matakalar fada ya mutu, amma da yake sarkin wancan lokaci ya sa an binne shi cikin girmamawa, ya ɗaukar wa kansa alkawarin raba ƙasar da miyagun aljanu. Sarki ya farka ya ji zazzaɓi ya sake shi, ya sa aka kira mai zane Wu Daozi ya zana masa abin da ya gani a mafarki.

Masani Shen Kuo, wanda ya rayu daga 1031 zuwa 1095, yana cikin waɗanda suka rubuta labarin mafarkin. Daga baya bakin jama'a ya ƙara masa gishiri, aka ce ai Zhong Kui shi ne ya zo na ɗaya a jarrabawar, muninsa ne ya sa aka hana shi matsayin da ya cancanta. Ina ganin wannan ƙarin shi ya sa talakawa suka riƙe shi da hannu bibbiyu, domin kowace al'umma ta san mai ilimin da aka zalunta. Sinawa kan manna hotonsa a ƙofa lokacin sabuwar shekararsu da kuma ranar biyar ga watansu na biyar.

Abin da zan so ka riƙe yayin da kake zaga irin waɗannan shaguna shi ne, fuska ba ta cika faɗin sunan mai ita ba, domin tsofaffi masu gemu sun yi yawa a wannan fanni. Abin da ke hannun mutum, da dabbar da ke tare da shi, su ne sunansa. Maganar huji kuwa na bar wa Hajiya Rabi, ita ce ta daɗe tana bin wannan sawu.

Hajiya Rabi:
Malam Sani ya gama da sunan, Allah ya ƙara ilimi. Ƙanina Aminu, ni abin da ka kwatanta ya fi kama mini da aikin Japanawa, ko kuma kwaikwayonsa, ko da yake labarin na Sinawa ne. Sunan irin wannan abu netsuke. A zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, rigar da Japanawa ke sakawa ba ta da aljihu, don haka namiji kan rataya battar magani ko jakar taba ko ta kuɗi da igiya, ya cusa igiyar ta ƙarƙashin ɗamararsa, sannan a ɗaya bakin igiyar a ɗaura wani ɗan abu mai nauyi wanda zai tokare a saman ɗamarar ya hana kayan zamewa. Wannan ɗan abin tokarewa shi ne netsuke, hujin nan biyu kuma hanyar igiya ce. A tsofaffin na gaskiya sau da yawa ɗaya hujin ya fi ɗaya faɗi, domin a ɓoye ƙullin igiyar a ciki, kuma bakinsa yakan yi sumul saboda gogar shekaru.

Shekarun da na yi a Landan na sha tsayawa gaban irinsu a gidan adana kayan tarihi na Birtaniya, wanda ke da fiye da dubu biyu daga cikinsu, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawan Sinawan da ke ciki. Dalili kuwa, duk da Japan ta taƙaita hulɗa da waje a wancan zamani, jiragen Sinawa ba su daina zuwa Nagasaki ba, suna kawo littattafai masu zane na labaran mutanen da Sinawa ke kira xian, Japanawa kuma sennin, wato masu kaɗaita a duwatsu waɗanda a faɗarsu suka kuɓuce wa mutuwa. Masassaƙa suka riƙa ɗaukar siffofi daga waɗannan zane-zane. Wani littafi mai suna Soken Kisho da aka buga a Osaka a 1781 ya jera sunayen masassaƙa fiye da hamsin, cikinsu har da Yoshimura Shuzan, wanda ya shahara da sassaƙa irin waɗannan mutane da katako mara nauyi yana shafa musu launi.

Sunaye ma sun sauya a hanya. Zhong Kui ya koma Shoki, Liu Hai mai kwaɗo ya koma Gama Sennin, Budai mai buhu da tumbi ya koma Hotei. Abin da ya sa na ce naka na Japan ne shi ne wurin da aljanin yake. A hannun masassaƙan Japan, Shoki ya zama jarumin da ƙaramin aljani, wanda suke kira oni, yake wasa da hankalinsa: yana nema a ƙasa, shi kuwa yana kan hularsa, ko ya ɓuya a bayan rigarsa, ko ya shige ƙarƙashin kwando. A ganina nan ne Japanawa suka yi wa labarin abin da masu shi ba su yi masa ba, suka sauko da shi daga ƙofar fada suka sa masa raha.

Aminu:
Na gode, Hajiya, na gode, Malam. Ke nan abu ne da aka yi don a rataya a jiki kullum, shi ya sa ya yi daidai da tafin hannu. To, idan na Japan ne, maganar mai shagon cewa aikin daular Qing ne ta faɗi ke nan?

Dakta Zainab:
Kada ka yi saurin yanke wannan hukunci, Malam Aminu. Yaya Rabi, ina tare da ke a kan bayanin netsuke gaba ɗaya, amma akwai wurare biyu da nake ganin kin ba Japan abin da ba nata ita kaɗai ba.

Na farko, huji ba hujja ba ce. Sinawa ma suna da nasu abin tokare igiya a ɗamara, suna kiransa zhuizi, kuma manoma da fatake da masu shan taba sun yi amfani da shi ƙarni da ƙarni, ana yin sa da katako da ƙaho da dutse da saiwar itace. Bambancin da aka fi lura da shi shi ne, na Sinawa galibi ba a sa masa sunan masassaƙi, kuma sau da yawa igiyar kan bi ta huji ɗaya ne ko ta wata kafa da siffar kanta ta bari, kamar tsakanin hannu da jiki. Huji biyu a jere a baya sun fi karkata ga salon Japan, wannan na yarda, amma ya kamata a san cewa al'adar rataya sassaƙe a ɗamara tana ɓangarorin biyu na tekun.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna, shi ne cewa Japanawa ne suka sa wa Zhong Kui raha. Akwai wani dogon zane na Gong Kai, wanda ya rayu a ƙarshen daular Song da farkon mulkin Mongol a ƙarni na 13, yana nan a gidan adana zane na Freer a birnin Washington. A ciki an ɗauko Zhong Kui a kan kujerar ɗauka, ƙanwarsa na biye a tata kujerar ta shafa baƙar hoda a kumatu, ramammun aljanu kuma su ne 'yan dako, suna ɗauke da kayan tafiya. Wanda duk ya ga wannan zane ya san cewa Sinawa sun daɗe suna murmushi da mutuminsu, shekaru ɗaruruwa kafin a sassaƙa netsuke na farko. Akwai kuma labarin yadda ya dawo daga lahira don ya aurar da ƙanwarsa ga abokinsa da ya yi masa hidimar jana'iza, labari ne da ake wasansa a dandali har gobe, akwai kuma zane-zanensa yana buge da giya aljanu na tallafe da shi.

Inda na ga bambanci na gaskiya shi ne a harshe. Masassaƙin Sin yana wasa da sautin kalma. Jemage sunansa fu, sa'a ma fu, ko da yake rubutunsu daban, saboda haka in ka ga Zhong Kui ya ɗaga kai yana kallon jemage, saƙon shi ne ga sa'a nan tafe a gaban ido. Barewa lu, albashin babban ma'aikaci ma lu. Kifi yu, yalwa ma yu. Da siffofin suka tsallaka teku, wannan wasan sauti bai tsallaka da su duka ba, domin harshen ya bambanta, sai masassaƙin Japan ya mai da ƙarfinsa ga motsi da yanayin fuska.

Hajiya Rabi:
Ƙanwata Dakta, na karɓi gyara a kan zanen Gong Kai, kuma na janye cewa masu labarin ba su san raha ba. Amma ki duba abin da kika kawo da kyau. A zanen nan aljanu bayi ne, Zhong Kui ne ubangidansu, ko yana buge su ke hidima. A netsuke kuwa aljanin ne ya yi nasara, jarumin ne aka bari yana lalube. Wannan juyin shi nake nufi, kuma har yanzu ina ganin a Japan ya yi ƙarfi. Ina danganta shi da waɗanda ke sayen kayan, domin yawancinsu fatake ne da masu sana'a na Osaka da Kyoto da birnin Edo, wato Tokyo ta yau, mutanen da suke da kuɗi amma tsarin zamanin ya ajiye su ƙasa da masu takobi, dokoki kuma suka taƙaita musu ado a sutura. Mutum irin wannan in ya rataya ɗan sassaƙen da ƙaramin aljani ya fi mai takobi wayo, ina ganin ya san abin da yake faɗa ba tare da ya buɗe baki ba. Wannan fahimtata ce, kuma a Kyoto har yau ana ɗora ƙaramin Shoki na yumɓu a kan rufin gida don tsari, wanda ke nuna cewa girmamawar ba ta gushe ba duk da rahar.

Malam Isuhu:
Gaisuwa ga malamai daga Maraɗi. Ni masassaƙi ne, turmi da akushi da kujerar mata su ne aikina, don haka zan yi magana a kan abin da hannu ya sani. Abin da ya ja hankalina a bayanin Aminu shi ne cewa takobin yana manne da cinya. Wanda bai taɓa riƙe wuƙar sassaƙa ba zai ɗauka salo ne kawai, amma larura ce. Abin da zai kwana yana gogar tufa, ya bugi ƙofa, ya faɗi ƙasa a ɗauka, ba a barin masa tsini ko siririn reshe, domin ranar farko zai karye ko ya yaga riga. Dole masassaƙi ya tattaro hannu da takobi da gemu da hula su dunƙule wuri guda, kuma duk da haka mai kallo ya ga mutum yana motsi. Wannan shi ne wahalar aikin, ya fi ƙanƙantarsa wuya.

Sannan katakon da zai karɓi gashin gemu ɗaya bayan ɗaya a wuri kamar farce, sai mai tsananin laushin ƙwaya wanda ba ya tsagewa. A nan in muna son aiki mai ƙarko mukan nemi ƙirya ko maɗaci, amma ko su ba za su karɓi irin wannan zane ba. Ina so a gaya mini da wane itace suke yi. Ina kuma neman ƙarin bayani a kan wani hoto da ɗana ya taɓa nuna mini, na wani tsoho ramamme mai dogara sanda, haƙarƙarinsa duk a waje, yana riƙe da gorar duma. A cikin duk abin da na gani na Sinawa shi ya fi burge ni, domin wanda ya yi shi bai ji tsoron muni ba.

Malam Sani:
Malam Isuhu, sannu da aiki. Itacen da ya fi yawa a wannan sana'a Sinawa na kiransa huangyang, Japanawa kuma tsuge, ɗan itace ne mai jinkirin girma, shi ya sa ƙwayarsa ta matse, kuma yana fara rayuwa da launin rawaya sannan gumin hannu da shekaru su mai da shi ruwan zuma. Sinawa kuma sun ƙware a sassaƙa saiwar itacen gora, musamman a Jiading kusa da Shanghai, inda zuriyar gidan Zhu, kaka da ɗa da jika, suka yi suna a zamanin daular Ming.

Tsohon da ɗanka ya nuna maka Li Tieguai ne, wato Li mai sandar ƙarfe. An ce asalinsa kyakkyawan mutum ne wanda ya kai matsayin da ruhinsa kan bar jikinsa ya yi tafiya. Wata rana zai tafi sai ya ce wa almajirinsa ya tsare gangar jikin kwana bakwai, in bai dawo ba ya ƙone ta. A rana ta shida aka aiko wa almajirin cewa mahaifiyarsa na bakin mutuwa, ya rasa yadda zai yi, ya ƙone jikin ya tafi gida. Da ruhin ya dawo a rana ta bakwai bai tarar da komai ba sai toka, dole ya shiga gawar wani gurgun mabaraci da yunwa ta kashe a gefen hanya. A wannan jiki ya zauna, yana yawo da gorar magani yana warkar da marasa lafiya. Shi ya sa masu sassaƙa da saiwa suke ƙaunarsa, domin karkacewar saiwar ita ce ƙafar gurgun, ba sai an tilasta mata ba. A Japan sunansa Tekkai, kuma sukan nuna shi ya ɗaga kai yana hura ruhinsa sama.

Yana cikin rukunin mutum takwas da Sinawa ke kira Baxian, kuma kowannensu da alamarsa. Zhang Guolao tsoho ne mai hawan farin jaki yana fuskantar baya, wanda aka ce in ya sauka yakan naɗe jakin kamar takarda ya ajiye, a Japan kuma sai aka mai da shi doki mai fitowa daga cikin gora. Lü Dongbin yana da takobi a baya, Zhongli Quan mafici, Han Xiangzi sarewa, Lan Caihe kwandon furanni, Cao Guojiu wasu katakai biyu na kiɗa, He Xiangu kuwa, mace ɗaya tilo a cikinsu, tana riƙe da furen bado. Liu Hai da Hajiya ta ambata ba ya cikin takwas ɗin da aka saba jerawa, ana gane shi da kwaɗo mai ƙafa uku da igiyar da aka jera wa kuɗi masu huji a tsakiya, kamar kwabonmu na da, sai dai hujin nasu mai kusurwa huɗu ne.

Malam Bashir:
Assalamu alaikum. Na bi bayanan nan tun daga farko kuma na ƙaru, amma akwai abin da ya wajaba a tambaya kafin ɗan'uwanmu ya sa hannu a aljihu. Waɗannan siffofi na mutane ne masu rai a labari, wasu ma an ce ba sa mutuwa, wanda mu mun san ƙarya ce, kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne. Shin kayan ado ne kawai a wurin masu su, ko kuwa gumaka ne da ake bauta wa? Sanin tarihin mutanen da muke ciniki da su abu ne mai kyau, ban ga laifinsa ba, amma sani daban, ajiye mutum-mutumi a ɗaki daban.

Dakta Zainab:
Tambayarka a kan hanya take, Malam Bashir, kuma amsar gaskiya ita ce akwai wannan akwai wancan. Shekarun da na yi ina karatu a Fuzhou na ga duka biyun. Akwai siffofin da ake ɗorawa a wurin bauta ana kunna musu turare, kamar Guan Yu, janar ɗin da ya mutu wajen shekarar 220, mai jar fuska da dogon gemu da doguwar adda, wanda Malam Aminu zai riƙa gani a shagunan 'yan kasuwa da yawa a kudancin Sin. Farin tangaran na garin Dehua a lardin Fujian, wanda maginin nan He Chaozong ya ɗaukaka a zamanin Ming, da yawa daga cikinsa siffofin bauta ne. Akwai kuma waɗanda aka yi don teburin marubuci ko don kyautar biki, kamar ƙananan sassaƙe na dutsen Shoushan mai laushi da ake haƙowa kusa da Fuzhou, ko na dutsen yu mai daraja da ake kawowa daga Hotan a yammacin Sin. Tsohon nan mai dogon goshi da sanda, Shoulao, wanda ke riƙe da ɗan itacen tao mai kama da ƙaramin mangwaro, kyauta ce da ake kai wa dattijo ranar zagayowar haihuwarsa, ma'anarta Allah ya ja kwana a irin fahimtarsu. Netsuke kuwa kayan sutura ne, ba a yi shi don bauta ba. Duk da haka ba zan ce maka babu imani a jikin Zhong Kui ba, tunda don tsari ake manna shi a ƙofa.

Wani abu da zai ba ka sha'awa shi ne, Sinawa da kansu suna da salon da suke kira ɓoyayyun takwas, inda ake zana alamomin kaɗai ba tare da mutum ko ɗaya ba: gora, takobi, mafici, sarewa, kwando, bado da sauransu, a kan tangaran ko yadin siliki ko katakon gado. Wanda ya san labarin yana ganin gorar ya san gurgun ake nufi.

Malam Bashir:
Na gamsu da wannan rarrabewa, Dakta, Allah ya saka da alheri. Ni dai ba zan ajiye ba, kuma ita ce shawarata ga Aminu, amma kowa ya tambayi malaminsa. Akwai kuma gargaɗi na biyu wanda ya shafe ni a matsayina na mutumin Bauchi. Da yawa daga cikin tsofaffin sassaƙen nan da hauren giwa aka yi su, kuma kasuwar sababbin da ake yi wa fentin tsufa tana cikin abin da ya cinye giwayen Afirka. Garken da ya rage mana a Yankari kaɗan ne. An hana cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe tun 1989, Sin ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017, dokar Birtaniya ta 2018 ta fara aiki a 2022, kuma a watan Janairun 2024 an niƙe a Abuja kimanin tan biyu da rabi na hauren da aka kama. Duk wanda aka miƙa masa farin sassaƙe ya duba gindinsa: hauren giwa yana da siraran layuka masu gittawa kamar saƙar raga, ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe, roba kuwa takan bar layin da aka haɗa mazubi da 'yan ramukan kumfa. In ya ga saƙar raga ya ajiye ya wuce, kada ya jawo wa kansa magana a filin jirgi.

Aminu:
Na koma shagon yau da safe da duk abin da kuka koya mini. Na karɓi sassaƙen na juya bayansa a gaban haske. Hujin biyu girmansu ɗaya, bakinsu da kaifi kamar jiya aka huda, kuma cikin ramin fari ne tas, launin zumar a fata kawai ya tsaya. A cikin gashin gemun, inda hannu ba ya kaiwa, launin ya taru ya yi duhu, amma hanci da gwiwa, waɗanda ya kamata a ce sun goge sun yi sheƙi in da an shekara ɗari ana shafa su, ba su nuna alamar hannu ba. Na faɗa wa mai shagon ta bakin abokina cewa wannan Zhong Kui ne a salon Japan kuma sabon aiki ne, ya yi shiru, sannan ya sauke kuɗin ƙasa da rabi. Na yi masa godiya na bar masa kayansa. Malam Isuhu, aikin kansa yana da kyau, duk wanda ya yi shi gwani ne, har haƙoran ɗan aljanin ana iya ƙirgawa.

Na tsaya na duba sauran kantar, na gane gurgu mai gora, na gane mai kwaɗo, na gane tsoho mai dogon goshi. Ɗaya ne ya gagare ni: wani mutum zaune a bayan ƙaton kifi, riƙe da buɗaɗɗiyar takarda kamar yana karatu.

Malam Sani:
Qin Gao ke nan, Japanawa na ce masa Kinko. Makaɗin qin ne, wato molon Sinawa, mutumin tsohuwar ƙasar Zhao. An ce ya shiga kogi ya ce wa almajiransa su jira shi a bakin ruwa ranar da ya sanya musu, suka yi wanka suka tsarkaka suka jira, sai ga shi ya fito a bayan wani jan kifi, jama'a masu yawa na kallo. Ya zauna da su wata ɗaya, sannan ya sake komawa cikin ruwan.

Hajiya Rabi:
In ka sake bi ta wurin, ƙanina, ka juya kifin ka duba cikinsa, domin a irin wannan siffa a nan ake huda hanyar igiya, tsakanin ɓawon ciki, in da sunan masassaƙi kuma a nan kusa za ka same shi. Ka ɗauko mana hotonsa ta sama da ta ƙasa, Malam Isuhu ya ga yadda aka lanƙwasa wutsiyar ta dawo ta manne da jiki.